Gizo da Igiyar Birnin Tsanwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wata fadama, can bayan gari, akwai wani birni na tururuwa da ake kira Birnin Tsanwa. Gidaje ne dubu bisa dubu, kowane gida da katangarsa, kowace katanga manne da ta maƙwabci. Ba su da sarki, ba su da fada, ba su da barde ko ɗaya. Ba su kuma san hijira ba. Inda kakanninsu suka kafa tushe, nan ake haihuwarsu, nan ake binne su, in yaƙi ya zo a tsaye yake samunsu. Sana'arsu ɗaya ce: su shanya koren mayafi a rana, su haɗa haskenta da ruwa da iska, su dafa zaƙi, su zuba a rumbu. Duk mai ciki a dajin nan ya san da wannan rumbu, kuma babu wanda bai taɓa kwana da tunaninsa ba.

Abin da ya tsare su shi ne aikin Zanzaro, Sarkin Magina. Gininsa kashi biyu ne. Akwai azara masu tsauri da yake jerawa, sannan akwai wata doguwar igiya mai danƙo da yake cusawa tsakanin azara da azara, tsakanin gida da gida. Igiyar ƙulli-ƙulli ce, ɗaruruwa a jere. Ranar da ta fito daga hannunsa, galibin ƙullin kowanne da 'yar hularsa, kuma muddin hular na nan igiyar tana da laushi, katanga tana miƙewa yadda gida ke girma. In lokaci ya yi, sai yaran Zanzaro su bi su ciccire hulunan, su soka ɗan alli tsakanin igiya biyu. Allin ya kama ta dama ya kama ta hagu, gini ya tsaya daram.

Zanzaro ya san wani abu da bai cika faɗa ba: inda aka cire hula nan ne igiya ke ƙarfi, kuma nan ne kaɗai kaifi ke iya kama ta.

Mai karatu, kada ka je neman wannan birni a taswira. Yana nan cikin kwamin tumatir na Kadawa da Kura, yana cikin waken da aka shuka a bayan gidanku. Gidajen su ne ƙwayoyin halittar shuka, azara ita ce zaren da masana ke kira selulos, igiyar kuma fektin. Ƙullinta wani nau'in sukari ne mai tsami, allin kuwa kalsiyam. Wani masanin sinadarai na Faransa, Henri Braconnot, shi ya ware fektin ya bayyana shi a 1825, amma bakinmu ya riga shi saninsa. Yawancin yauƙin kuɓewa daga danginsa yake, yana da yawa a farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka da a ɓawon lemo, kuma duk lokacin da dankali ya yi laushi a tukunya, wannan igiya ce wuta ta narkar, gidajen suka saki juna.

To, wata shekara yunwa ta shiga gidan Gizo. Ya duba tukunya babu, ya duba rumbu babu, Ƙoƙi ta zuba masa ido. Sai ya rataya buta ya nufi shuri, wurin Sarauniyar Gara. Ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakinsa.

"Yanki ya daɗe, ga zaƙi can jibge a Biynin Tsanwa, ku ga almakashi a hannu, me ake jiya?"

Sarauniya ta ce, "Gizo, ba almakashi ne damuwarmu ba. Masu gadinsu sun san warin fatarmu. Kafin mu kai gindin katanga an yi mana ihu."

Gizo ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya koma gida ya kwana uku yana saƙa, ya yi wa kowace Gara riga mai rufe jiki ruf, ya kuma sa wasu su riƙa bin baya suna tsince duk ɓurɓushin fatar da ya zube. Suka jira daren da aka yi ruwa, raɓa ta kwanta, iska ta yi nauyi, domin Gara ba ta tafiya a bushe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙanƙara ta riga ta bar 'yar tsaga a unguwar gabas. Ta nan suka sulale. Masu gadin wari suka shinshina, ba su ji komai ba.

Gara suka sa almakashi a igiya. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Guntaye suka fara zubowa.

A ƙofar kowane gida akwai Gyare zaune, wanda mutane suka ɗauka ba shi da aiki sai kwanciya. Guntun igiya ya faɗo gabansa. Ya ɗauka ya juya, ya ga igiyar gidansu ce, saƙar Zanzaro, ba hula a kanta. Ya ƙidaya ƙullin: goma sha biyu. Gyare bai ga ɓarawo ba, bai ji warinsa ba, bai san ko Gara ce ko wani ba, kuma bai tsaya tambaya ba. Abin da ya sani shi ne igiya mai lafiya ba ta zuwa ƙofar gida guntu-guntu. Ya ɗaga fiffike ya tsala kuka.

Kafin a ce kwabo unguwa ta tashi. Mata suka kwararo ruwa mai ƙuna ta kan katanga. Aka toshe 'yan ƙofofin da ke tsakanin gida da gida, kada abin da ya ci wannan ya zarce wancan. Yaran Zanzaro suka fito da itace suna ƙara wa katanga kauri ta ciki. Kunama ta ɗora tukunyar dafi, wadda ba ta nuna nan take, amma in ta nuna ba a sha biyu. Da gari ya waye, Gara da suka shiga sun bushe a cikin rigunansu. Gizo ya tsira da ƙafa biyu a ƙone.

Ƙoƙi tana shafa masa man kaɗe ta ce, "Maigida, ka rufe fuskar ɓarawo, amma ka manta ɓarnarsa ma fuska ce."

Da ƙafa ta warke, Gizo ya hau saman wata katanga ya laɓe yana kallon Gyare. Ya kwana bakwai yana kallo. Ya lura ba kowane guntu ke tayar da shi ba. In guntun ƙulli biyu ne ko uku, sai ya ɗan motsa ya koma barci. Wanda ke fitar da shi hayyacinsa shi ne mai ƙulli goma zuwa sha biyar. Gizo ya sauko da gudu ya koma shuri.

"Yanki ya daɗe, laifinmu nawa ne. A wasa almakashi, a yanka da shauyi, a maida igiya gayi. Kada a bay guntu mai tsawo ko ɗaya."

Haka aka yi. Suka tafi har da masu cire hula nasu na kansu, don su buɗe wa kaifi hanya inda Zanzaro bai buɗe ba. Wannan karon igiya ba ta zubo guntu-guntu ba, ta zubo kamar ƙura, Gara na yanka suna lashewa. Gyare ya ɗauki ɓurɓushi ya ƙidaya, biyu, ɗaya, uku, ya ajiye. Kafin ya fahimci abin da ke faruwa, gidajen unguwar gabas sun saki juna, rufi ya rufta, zaƙi na malala a titi. Unguwar ta yi laushi, ta yi ruwa, wata furfura mai launin toka ta rufe ta.

Birni ya taru. Aka yi ta magana, wasu na zagin Gyare, wasu na cewa a kori Zanzaro. Can sai Ƙaguwa ta tako a karkace ta tsaya tsakiyar fili.

Ta ce, "Ni ba ni da dafi, ba ni da murya. Almakashin nan ma ba zan iya karya shi ba. Amma in na riƙe abu, na riƙe."

Wani saurayin tururuwa ya ce, "Gwaggo, in ba za ki karya shi ba, riƙon me zai amfana mana?"

Ta ce, "Ɗana, ba hana su yanka nake so in yi ba. So nake su yanka a hankali."

Ba kowa ya gane ba, amma Zanzaro ya gane. Ya yi mata gurbi a cikin katanga, jikin igiyar kanta. Da Gara suka dawo, almakashi na buɗe baki sai ƙafar Ƙaguwa ta cafke shi. Bai tsaya cak ba, sai dai inda da yake sara goma, yanzu da ƙyar yake sara ɗaya. Guntaye masu tsawo suka samu lokacin faɗowa, suka taru a ƙofa, Gyare ya ƙidaya sha ɗaya, sha uku, sha huɗu, ya tsala kukan da bai taɓa yi ba.

Wannan ma ba ƙagen mai tatsuniya ba ne. Garar ita ce fumfuna irin Botrytis cinerea, mai sa wa tumatir da inabi furfurar toka, da ƙwayoyin cuta masu narkar da albasa da dankali su koma ruwa mai wari. Almakashinsu wani sinadari ne da suke fesawa ya yanyanka fektin. A 1971, a Jami'ar Kolorado ta Amurka, Peter Albersheim da Anne Anderson suka gano wani furotin a katangar ƙwayoyin wake da tumatir mai riƙe wannan almakashi. A 1981, a ɗakin binciken Albersheim ɗin, aka nuna cewa guntayen katangar waken suya kaɗai, ba tare da wata cuta ba, sun isa su sa shukar ta fara dafa gubar kare kai. Sai a 1989 Felice Cervone da Giulia De Lorenzo na birnin Rum, tare da su Albersheim, suka haɗa zancen biyu: amfanin riƙon shi ne guntaye masu tsawo su daɗe ba a niƙe su ba. Kuma rigimar ba ta ƙare a nan ba, don Gara sun koma maƙera sun sake wa almakashi siffa, Ƙaguwa ita ma ta haifi 'ya'ya masu ƙafa iri-iri. Farin waken turawa yana da irin wannan furotin kala huɗu, kuma ba almakashi ɗaya kowanne ya fi iya kamawa ba.

Gizo ya ce tunda sata ta ƙi, a gwada ƙarfi. Ya je ya ɗauko Tsutsa, wadda ba ta san almakashi ba, ba ta san dare ba, unguwa guda take haɗiyewa da rana tsaka. Ta kafa baki a unguwar kudu. Guntaye suka zubo buhu-buhu, Gyaren wurin suka yi kuka, amma unguwar arewa na da nisa, kuma guntun igiya abu ne mai nauyi da danƙo, inda ya faɗi nan yake maƙalewa. Sai gidan da ke bakin ɓarna ya buga ganga, na kusa da shi ya amsa, na gaba ya amsa, har kiɗan ya kai ƙarshen birni. Hulunan da suka zube kuma suka tashi da wani wari a iska, har maƙwabtan birane suka shinshina suka fara shiri. Ko'ina aka shiga barbaɗa wa abinci wani magani marar ɗanɗano mai ɗaure ciki. Tsutsa ta ci, ta ci, ciki ya cika, jiki bai ƙaru ba. Ta ce wa Gizo ita ta gaji da cin abin da ba ya zama nama, ta ja jiki ta tafi.

Clarence Ryan na Jami'ar Jihar Washinton da abokin aikinsa suka fara ba da labarin wannan magani a 1972: ƙwaro ya ciji ganye ɗaya na tumatir, sauran ganyen da bai taɓa ba suka cika da furotin mai hana narkewar abinci. An daɗe ana zaton guntayen fektin ne ke kai saƙon, har aka nuna a 1985 cewa ba sa barin wurin rauni. A 2018 masu bincike a Wiskonsin suka ɗauki hoton gangar tana tafiya, saƙon kalsiyam mai ratsa shuka da gudun kusan milimita ɗaya a daƙiƙa. Kada dai a ɗauka birnin kullum ke cin nasara. Manoman Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan 'yar asalin Kudancin Amurka, Tuta absoluta, wadda suka laƙaba wa Sharon, ta shige tsakiyar ganye ta bar gonakin tumatir kamar an sa musu wuta.

Daga nan Gizo ya yi dabarar da ta fi duk sauran muni. Ya bi bayan Tsutsa ya tsince guntaye masu ƙulli sha biyu ya cika taiki. Bai kira Gara ba, bai kira kowa ba. Kowane dare sai ya sauko da zarensa ya watsa ɗan kaɗan a ƙofofi, ya koma sama.

Gyare ya yi kuka. Aka fito, aka zuba ruwa mai ƙuna, aka toshe ƙofofi, ba a ga kowa ba. Gobe haka, jibi haka. Mayafin da ake shanyawa a rana ya zauna a naɗe, don kowa na bakin katanga. Zaƙin rumbu ya ƙare a tukunyar Kunama. Manzon da ke zuwa daga ƙololuwar birni yana cewa a faɗaɗa gidaje, a tsawaita tituna, ya yi ta sallama babu mai amsa masa, kukan Gyare ya danne muryarsa. Ruwa mai ƙunar da ba a samu maƙiyin zuba wa ba ya fara cin ƙafafun yara. Damina ta yi rabi, maƙwabtan birane sun ninka tsawo, Birnin Tsanwa na nan a tsugune, rawaya-rawaya, babu wanda ya taɓa shi.

Aka sake taruwa. Wasu suka ce a ɗaure wa Gyare fiffike. Zanzaro ya ce wanda ya yi haka ya buɗe wa Gara ƙofa da hannunsa, Gyare bai yi ƙarya ba, guntayen na gaske ne. Sai aka ji wata murya daga can baya, inda masu shara ke tsayawa. Buzuzu ne.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Magina, ni tambaya gare ni. Guntun da ya faɗo jiya, aka yi masa kuka jiya, me ya sa yake nan a ƙofa har yau?"

Fili ya yi tsit. Shekara da shekaru ana tunanin yadda za a tayar da birni, ba wanda ya yi tunanin yadda za a kwantar da shi. Aka ba Buzuzu aikin. Yakan bari Gyare ya ƙidaya ya yi kukansa, sannan ya mirgino guntun ya babbake masa ƙullin ƙarshe. Guntun da aka babbake ba ya ƙara tayar da kowa, kuma ko Gara ta same shi da ƙyar take iya taunawa. Taikin Gizo ya ƙare, birni ya yi barci, da safe aka shanya mayafi.

A duk mutanen wannan birni Buzuzu ne ya fi kwanta mini a rai, domin shi ya fahimci cewa tsaro ma da kuɗinsa, kuma daga rumbun abinci ake biya. A 2015 masu binciken nan na Rum suka yi wa wata 'yar shuka mai suna Arabidopsis irin aikin Gizo: suka ɗaure almakashin fumfuna da furotin mai riƙe shi wuri ɗaya, suka sa shukar ta riƙa samar da guntaye da kanta. In kaɗan ne, sai ta fi jure cuta. In suka yi yawa, sai ta tsumbure, har ta mutu. Bayan shekara uku suka ba da labarin sinadaran da ke babbake bakin guntayen su kashe musu murya. An kuma daɗe da sanin cewa guntayen suna danne oksin, sinadarin da ke umartar shuka ta yi girma.

Akwai wata tsohuwa a birnin, Tsaka, wadda ke kwana manne da katanga, hannunta ɗaya a kan igiya, ɗaya a cikin gida. Gizo ya tsane ta ba don ta taɓa yi masa komai ba, sai don bai san aikinta ba. Ya bi unguwar gindi, can ƙasa inda ake jan ruwa, yana raɗa cewa Tsaka na tofa dafi a abinci. Wasu gidaje suka kore ta, wasu suka ce Inna ta riga mu zama a nan, ba inda za ta.

Rani ya zo, ana ban ruwa, rana na shanye ruwan tana barin gishiri. Gishirin ya shiga katanga ya ture alli daga gurbinsa, shi kuma ba ya iya riƙe igiya biyu. Ba a yanka komai ba, guntu bai faɗo ba, Gyare na barcinsa. Amma Tsaka ta ji igiya ta saki a tafin hannunta. Ta juya ta ce wa masu gida, "'Ya'yana, ku dakata da faɗaɗa ɗaki, katanga ba za ta ɗauka ba. A kawo alli." Gidajen da ba su kore ta ba suka gyara, suka ci gaba da girma. Waɗanda suka kore ta kuwa suka ci gaba da cika ɗaki da ruwa kamar kullum, ruwa na tura katanga ta ciki, har suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Haka aka gani a 2018 a Cibiyar Carnegie da ke Kalifoniya: saiwar da aka cire wa furotin FERONIA, mai riƙe fektin ta waje yana magana ta ciki, ƙwayoyinta fashewa suke yi in an sa mata gishiri, kuma ƙarin kalsiyam yana rage fashewar.

Gizo ya dawo gida ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka gwada riga, ka gwada sauri, ka gwada ƙarfi, ka gwada ƙarya. Da ɗan gari akan ci gari. Ka ga manyan rumbunan nan masu kama da tulu da ke rataye a reshe? Je ka zauna kusa da su, kada ka taɓa komai."

Ya je. Rumbunan kore ne shar, masu tauri, Ƙaguwa a kowace kusurwa, tukunyar Kunama na tafasa a ciki. Garar da ta gwada shiga sai ta maƙale a bakin ƙofa, ba gaba ba baya. Gizo ya ce mata ta kwanta nan ta jira. Suka jira mako da makonni.

Wata safiya wani ƙamshi ya tashi daga cikin rumbu, ya bi ɗaki-ɗaki. Kore ya fara komawa ruwan ɗorawa, sannan ja. Kunama ta sauke tukunyarta. Sai Gizo ya ga abin da bai taɓa zato ba: Zanzaro da kansa ya fito da almakashi daga aljihu, irin na Gara sak, ya sa a igiyar da ya saƙa da hannunsa.

Ƙaguwa ta tare shi. "Sarkin Magina, ka san wanda ke kwance a bakin ƙofa?"

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"Kuma za ka sassauta?"

Ya ce, "A cikin rumbun nan akwai jarirai, kowanne da guzurinsa da tsarin sabon birni a ƙirjinsa. In suka faɗi a gindinmu, inuwarmu za ta kashe su. Mu ba mu da hijira, su kuwa dole su tafi. Tsuntsu ba ya ɗaukar abu mai tauri da ɗaci. Na riƙe katangar nan har suka ƙosa. Yanzu in na ci gaba da riƙewa, kurkuku na gina."

Ƙaguwa ba ta yarda ba, amma ta koma gurbinta, don ƙafarta ba ta kama almakashin gida. Rumbu ya yi laushi, ya yi zaƙi. Tsuntsaye suka sauko suka fasa wasu, suka tashi da jarirai a ciki. Garar da ke kwance ta farka ta tarar an yi mata rabin aiki.

'Yan Adam sun taɓa shiga wannan gardama, suka goyi bayan Ƙaguwa. Kamfanin Calgene na Kalifoniya ya toshe wa tumatir almakashinsa na gida, ya kai shi kasuwa a 1994 da sunan Flavr Savr, abinci na farko da aka sauya wa ƙwayar gado aka sayar. Ya fi daɗewa bai ruɓe ba, amma bai yi taurin da aka so don doguwar tafiya ba, domin Zanzaro ba almakashi ɗaya gare shi ba. Cikin 'yan shekaru ya ɓace daga kasuwa. Manomin Kadawa dabararsa ta fi sauƙi: wanda za a kai nesa, tun bai gama ja ba yake tsinke shi.

Gizo dai ya shige rumbu mafi ja, ya ci har ya kasa motsi, barci ya kwashe shi. Bai ji zuwan mai gona ba. Aka tsinke rumbun aka jefa a kwando, aka ɗora kwando a kan kwando, aka loda a babbar mota. Zafi ya taso, na sama ya danne na ƙasa, Garar da ta shiga rumbu ɗaya ta bi ruwan da ke tsiyaya ta ratsa kwandon duka. Da aka sauke kaya a kasuwar Mile 12 ta Legas, dillali ya buɗe ya toshe hanci, ya sa yaro ya kife kwandon a juji. Gizo ya fito jiƙe sharkaf, ya tambayi hanyar fadama, ba wanda ya gane tsamin bakinsa. Ƙoƙi ta jira shi har kaka, da ta ga bai dawo ba ta kai wa maƙeri almakashin da ya bari, aka ƙera mata lauje.

Ƙurunƙus kan kusu.